Dajin Jamus da ya bushe a tsaye, da irin dashen da muke yi a Jigawa

Bayan la'asar muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidan Baffa, sai hoto ya shigo wayata. Wani tsohon ɗalibina ne ya turo, yaron da na koyar a ƙaramar sakandare, yanzu yana karatun gandun daji a garin Gotingen na ƙasar Jamus. An kai su duwatsun Harz, da ke kusa da makarantarsu. Tudu ne bayan tudu, iya ganin ido, cike da dogayen itatuwa miƙaƙƙu kamar turakun wayar lantarki, babu ganye ko ɗaya, duk sun yi toka-toka. Na miƙa wa Baffa wayar. Ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo.

"Subhanallahi," ya ce. "Wa ya cinna musu wuta?"

Na ce, "Baffa, ba wuta ba ce. Fari ne."

"Fari a ƙasar Turawa? Su da ƙanƙara ke zubo musu daga sama?"

Ya sake duba hoton, ya maido mini da wayar, ya ce duk itacen nan iri ɗaya ne, tsayinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, ashe shuka su aka yi. Baffa bai taɓa shiga aji ba, amma cikin minti ɗaya ya gano abin da ɗalibin nawa ya cika mini saƙo uku yana bayani a kai.

Tun daga ranar hoton nan bai bar raina ba, domin a ganina ba labarin Jamus kaɗai yake bayarwa ba. Yana nuna mana ƙarshen wata hanya da mu ma muka hau, mu da muke bakin hamada: hanyar dasa itace iri ɗaya, a cunkushe, a ƙirga shi ranar biki, a tafi. Ra'ayina shi ne duk dashen da ba a yi shi da lissafin fari ba, asarar kuɗi ne da asarar gumi, kuma lokaci ya yi da za a daina gaya mana yawan abin da aka dasa, a fara gaya mana yawan abin da ya tsallake bazara uku.

Itatuwan da ke cikin hoton ba mu da irinsu a nan. Dangin itatuwa ne masu ganye siriri kamar allura, 'ya'yansu kuma ƙoƙo ne na itace mai saɓa-saɓa, kamar ƙaramar abarba. A cikinsu akwai fayin, da sifurus, da sida wanda hotonsa ke jikin tutar Labanan. Wanda ya taɓa ganin bishiyar Kirsimeti a talabijin ya ga ɗaya daga cikinsu. Su ne suka rufe arewacin duniya, daga Kanada zuwa Rasha, kuma ko ba mu gan su a tsaye ba muna taɓa su kullum: takardar da yara ke rubutu a kai, da farin katakon akwatin da ake kawo injina a ciki, galibi daga jikinsu suke. A Najeriya ma an dasa fayin a wurare masu ruwa da sanyi, kamar Afaka a Kaduna, da tudun Jos, da Ngwo a jihar Inugu. Yawancinsu ba sa zubar da ganye duk shekara. Wannan ado ne a lokacin wadata, a lokacin fari kuwa kaya ne.

Yadda fari ke kashe su, duk mai noman rani zai gane shi nan take. Itace na jan ruwa ne daga saiwa zuwa ganye ta cikin wasu siraran hanyoyi da ke cikin katakonsa, ruwan a haɗe yake kamar igiya, rana na ja daga sama. In ƙasa ta bushe, rana kuma ba ta daina ja ba, sai igiyar ta tsinke, iska ta shiga. Daidai yake da tiyon injin ban ruwa in ya sha iska: injin na ta kuka, ruwa ba ya hawa. Mu a fadama sai mu kashe injin, mu ɗura masa ruwa, ya kama. Itace ba shi da wanda zai ɗura masa. Hanyar da ta sha iska galibi ta tashi aiki ke nan, sai dai ya gina sabuwa a sabon katako, ginin kuwa yana buƙatar ruwan da babu.

Don gudun haka, itacen kan rufe ƙananan ƙofofin da ke jikin ganyensa don ya tsimi ruwa. To amma ta ƙofofin nan yake shaƙar iskar da yake haɗa abincinsa da ita. In ya rufe, ya daina girki, ya koma cin abin da ya ajiye, kamar magidancin da ya kulle ƙofa yana ci daga rumbu. Wata ɗaya, wata biyu, ba komai. In fari ya zarce shekara, ya shiga ta biyu, rumbu ya ƙare. Ya buɗe ƙofa ƙishirwa ta kashe shi, ya rufe yunwa ta kashe shi.

Sannan ƙwaro ya zo. Wani ɗan ƙwaro ne da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, yana huda ɓawo ya shiga ya yi ƙwai, tsutsotsinsa su cinye ɓargon da ke tsakanin ɓawo da katako, wanda ta nan abinci ke sauka zuwa saiwa. Ƙwaron nan ba baƙo ba ne, tun asali yana cikin dajin. Lafiyayyen itace in an huda shi sai ya kwararo da danƙo, kamar yadda dakwara ke fitar da ƙaro, ya nutsar da ƙwaron a bakin ramin. Amma danƙo da ruwa da abinci ake yin sa. Itacen da fari ya tatse ba shi da abin kare kansa. Ƙwaron da ya samu shiga kuma yakan saki wani wari da ke kiran 'yan'uwansa, su taru dubbai a kan itace ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A shekarun zafi ƙwaron sifurus kan hayayyafa har zubi uku a shekara, maimakon ɗaya ko biyu.

Haka aka yi a Jamus. A watan Janairun 2018 guguwa ta kayar da itatuwa masu yawa, ƙwari suka samu wurin kwana. Bazarar shekarar ta zo da zafi da fari irin wanda ba su saba gani ba, 2019 da 2020 ma ruwa bai wadata ba. Cibiyar binciken sararin samaniya ta ƙasar ta auna da tauraron ɗan'adam, ta ce daga Janairun 2018 zuwa Afrilun 2021 an rasa daji wajen hekta dubu 500, kusan kashi 5 cikin 100 na duk dajin ƙasar, kuma mafi yawansa na masu ganyen allura ne.

Abin da Baffa ya hango shi ne asalin ciwon. Sifurus itacen kan dutse ne, mai son sanyi da laima, saiwarsa ba ta nitsewa can ƙasa. Mutane ne suka sauko da shi inda ba gidansa ba, suka cika tuddai da shi, saboda yana girma da sauri, katakonsa miƙaƙƙe ne, yana kawo kuɗi. A Harz masu haƙar ma'adinai sun daɗe suna buƙatarsa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka sare daji mai yawa, aka sake cike gurbin da shi. Shekara da shekaru ruwa na sauka, kowa na yaba dabarar. Ranar da fari ya zo, sai ya tarar da itace iri ɗaya, sa'o'in juna, masu ƙishirwa iri ɗaya, masu maƙiyi ɗaya. Abin da ya kashe na farko shi ya kashe na ƙarshe.

A Kalifoniya ta Amurka kuma wata fuskar ce. Can itatuwan 'yan ƙasa ne, ba dasa su aka yi ba, sai dai an shafe kusan ƙarni guda ana kashe duk wata ƙaramar gobarar daji da a da take rage ƙananan itatuwa, har dajin ya cunkushe fiye da ƙarfin ruwan ƙasar. Fari ya zo daga 2012 zuwa 2016. Zuwa ƙarshen 2017 hukumar gandun dajin Amurka ta ƙiyasta cewa itatuwa miliyan 129 sun mutu a jihar, mafi yawa a duwatsun Siyera Nebada. Manomin gero ya san wannan darasi tun yana yaro: in ba ka yi cira ba, ka bar tsiro goma a rami ɗaya, ranar da ruwa ya ɗauke duk goman za su kwanta.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wanda ba a cika faɗa ba. Fari ba ya gama aikinsa a shekarar da ya zo. Irin waɗannan itatuwa kowace shekara suna ƙara zobe ɗaya a jikinsu. In ka duba bakin farin katakon nan na akwatin inji za ka ga layukan, wasu da faɗi, wasu a matse. Mai faɗi shekarar ruwa ce, matsattse shekarar fari. Masana da suka bi zobban dubban itatuwa sun tarar cewa bayan fari mai tsanani, ko ruwa ya dawo, girma ba ya komawa daidai sai bayan shekara biyu zuwa huɗu, kuma dangin fayin na cikin waɗanda suka fi jinkirin farfaɗowa. Wasu ma ba sa farfaɗowa, suna tsaye da ganyensu ana ganin sun tsira, alhali mutuwa ta riga ta shiga.

Da na gaya wa Baffa wannan, sai ya gyara zama ya ce ai ba sai Bature ya faɗa masa ba. A gonarsu ta arewa da gari akwai wata ɗorawa da kakansu ya tarar. Ta ga farin 1973, shekarar da ruwan Kano ya tsaya wajen rabin abin da aka saba, ta tsallake. Ta ga na 1984, ta yi kamar ta tsallake. "Sai da ruwa ya dawo, mutane suka fara mantawa," in ji shi, "sannan ta fara bushewa daga sama, reshe ɗaya bana, biyu baɗi. Shekara ta uku gara ta gama da ita." Ya lissafa mini itatuwan da ya taso ya gani a dajinmu waɗanda yaran yanzu ba su san kamanninsu ba: kirya, kaɗanya, ɗinya, marke sai ɗaiɗai. Waɗanda suka rage su ne gawo, aduwa, magarya, kuka, kurna, sabara da kalgo. Daji bai ƙare gaba ɗaya ba saboda ba iri ɗaya ba ne. Wasu suka faɗi, wasu suka riƙe ƙasa.

Yanzu mu dawo kan abin da muke yi.

Shekarun baya an zo makarantarmu bikin dashen itatuwa. An kafa rumfa, an jera kujeru, babban baƙo ya dasa na farko aka tafa. Ƙarshen watan Agusta ne, damina ta kusa naɗe tabarma. Tsiron da aka sauke daga mota kusan duk turare ne, sai 'yan darbejiya, wasu saiwarsu ta riga ta nannaɗe a cikin leda. Muka raba wa ɗalibai, kowa da nasa, har suna rubuta sunayensu a kwali suna ratayawa. Ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba. Yaran suka yi ta jigilar jarka daga famfon gari, famfon da iyayensu mata ke bin layi a kansa tun asuba. Aka yi hutu, awaki suka shiga, gara ta bi saiwa. Kafin bazara ta ƙare, abin da ya rage na ƙirga shi da yatsun hannuna. Na ji a rediyo an ambaci adadin da aka dasa a yankinmu, har da namu a ciki, cif-cif, kamar duk suna raye. Abin ya yi mini ciwo, ba don kuɗin kaɗai ba, don yaran da muka koya wa cewa dasa itace wahala ce da ba ta haifar da komai.

Cikin waɗanda suka rayu akwai na wata yarinya 'yar aji biyu. Ita ta ɗebo ƙayar magarya ta kewaye nata, ta binne tsohon tulu mai tsaguwa a gindinsa, kullum da safe tana zuwa da ruwan wanke-wanken gidansu a galan ta zuba a ciki, ko ranar da babu makaranta. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce, "Malam, haka Innata take yi wa zogalenta." Itacen nan yana nan, yanzu a inuwarsa masu sayar da awara ke zama.

Ba mu kaɗai ke wannan kuskure ba. A Turkiyya, ranar 11 ga Nuwamba 2019, an dasa tsiro miliyan 11 a yini ɗaya. Bayan 'yan watanni ƙungiyar ma'aikatan gona da gandun daji ta ƙasar ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ta duba sun mutu don rashin ruwa, gwamnati kuma ta musanta. Ko ma wane ne ya fi gaskiya, gardamar da kanta ta nuna inda matsalar take: ranar dashe kowa na da lissafi, bayan nan sai musu. Shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, wanda Kano da Jigawa ke cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya, burinsa gyara hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna abin da aka cimma a cikin zirin bai wuce wajen kashi 4 cikin 100 ba. Ga kuma shirin ACReSAL, na farfaɗo da ƙasa a yankunan da ke fama da ƙarancin ruwa, na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, da aka amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin arewa 19 da Abuja. Kuɗi ne masu yawa, kuma bashi ne da jikokinmu za su biya. Muna da haƙƙin tambayar me zai kasance a tsaye ranar da fari na gaba ya wuce.

Ba na cikin masu zagin darbejiya da turare. A inuwar darbejiya nake wannan tunani, kuma garuruwanmu da babu ita da ba su zaunu ba. Shingayen itatuwan da aka dasa bayan farin shekarun 1970 da 1980 a wajen Dambatta da arewacin Jigawa sun karya iska, sun tare yashi, sun ba mutane sandunan rufi. Amma mu faɗi gaskiya a kan siffarsu: iri ɗaya ko biyu, sa'o'in juna, a jere kusa da kusa, kuma baƙi, darbejiya daga Indiya, turare daga Ostareliya. Manoman da gonakinsu ke jikin shingen turare sun san yadda geron layukan farko ke tsumburewa saboda saiwarsa ta shanye laima. Kuma an riga an yi mana gargaɗi sau ɗaya. A shekarun 1980, bayan fari, wani ɗan ƙwaro mai manne wa ganye ya afka wa darbejiya a yankin Tafkin Chadi, har da Borno, sannan a farkon shekarun 1990 aka ga darbejiyoyi a Nijar suna zubar da ganye suna bushewa daga rassa. Allah ya taƙaita abin. Da ya zarce, da garuruwa nawa ne za su wayi gari babu inuwa? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a majalisa. Wane fari kuma, mu da ambaliya ke cinye mu? Gaskiya ne, ruwan 2020 da na 2022 sun yi ɓarna a Haɗeja da Auyo da Ringim da Kafin Hausa, ba wanda ya manta. Amma itacen da ka dasa bana ba na bana ba ne. Zai rayu shekara arba'in, hamsin, kuma babu wani tsawon shekaru irin wannan a tarihin ƙasar nan da fari bai faɗo a cikinsa ba, tun daga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa yau. Jamusawa ma a shekarun ruwa suka yi dashensu. Ga kuma zafi da ke ƙaruwa. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin laima wajen kashi 7 cikin 100, wato tana ƙara tsotsar ganye da ƙasa. Shi ya sa farin 2002 zuwa 2003 a kudu maso yammacin Amurka ya kashe fayin ɗin da ake kira finyon fiye da na shekarun 1950: na 2002 ɗin ya fi zafi. A wani wuri a jihar Niyu Meziko fiye da kashi 90 cikin 100 na finyon suka mutu, itacen da tun asali ɗan ƙasar bushewa ne. Ruwan da ya ishi itace a zamanin Baffa ba lalle ya ishe shi a zamanin jikokinsa ba.

Wannan misali na finyon yana hana ni yin alƙawarin da ba zan iya cikawa ba. Zama ɗan ƙasa ba laya ba ne. Sida na duwatsun Aljeriya da Maroko ɗan ƙasa ne, fari ya kashe shi da yawa. Kuka ma, da muke ganin ba ta mutuwa, wani bincike na 2018 ya nuna tara daga cikin kukoki 13 mafi tsufa a Afirka sun mutu ko manyan sassansu sun rushe cikin shekara 12. Saboda haka ba cewa nake yi gawo da aduwa ba za su taɓa faɗuwa ba. Cewa nake yi in za ka shiga kokawa da fari, ka shiga da waɗanda suka taɓa karawa da shi suka tashi, kuma kada ka shiga da ɗan kokawa ɗaya.

Muna kuma da wata baiwa da masu dajin fayin ba su da ita, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Yawancin itatuwa masu ganyen allura in an sare su ko sun bushe, shi ke nan, kututturensu ba ya toho. Dole a koma ga iri, a reni tsiro, a jira shekaru masu yawa. Ɗalibina ya ce a Harz yanzu ana cakuɗa iri daban-daban masu faffaɗan ganye, kuma masu dasawar sun san ba su ne za su ga dajin ba. Namu kuwa ba haka suke ba. Sabara, kalgo, gawo, aduwa, magarya, ka sare su shekara ashirin a jere, saiwarsu na nan a ƙasa da ranta, ta nitse inda laima take, kowace bazara tana turo toho. Mu kuma kowace bazara, lokacin sassabe, mu bi su da gatari mu tara mu cinna wuta. Tsiron leda yana fara neman ruwa ne daga tafin hannu ɗaya na ƙasa; tohon kututture ya gaji saiwar da ta ga 1984 ta wuce. Ba ya neman jarka.

Maƙwabtanmu sun riga mu ganewa. Duk mai zuwa kasuwar Maigatari ko ta Babura yana haɗuwa da mutanen Magarya da Matamaye na Nijar, wanda kuma ya tsallaka ya ga gonakinsu ya ga gawo a tsaye cikin gero kamar an shuka shi. Ba shuka shi aka yi ba. Tun daga shekarun 1980, a yankin Maraɗi, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da manoman wurin suka fara barin toho: a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a kan kowane kututture, a datse sauran, a riƙa yi musu aski suna miƙewa. Suna kiransa sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ruwansu bai kai namu ba. Yarensu namu ne, ƙasarsu irin tamu ce, gatarinsu irin namu ne. Gawo kuma kowa ya san halinsa: da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, gindinsa kuma ya fi ko'ina yabanya.

Abin da ya sa ya yiwu a can shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne. A nan har yanzu akwai mai tsoron barin itace ya girma a gonarsa, don kada gobe ya sare reshe a ce ya taɓa kayan gwamnati, ko wani ya zo da dare ya mai da shi gawayi, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023 gas ya fi ƙarfin talaka, buhun gawayi ya yi daraja. Wanda bai tabbata zai ci moriyar abu ba, ba zai yi gadinsa ba. Ina so in ga ranar da dagaci da malamin daji za su tsaya a gaban jama'a su ce itacen da ka rena a gonarka naka ne, kai da 'ya'yanka, a rubuta a ba ka takarda. A zauna da Fulani makiyaya a wannan magana tun daga farko, don su ma gawo abincin dabbobinsu ne, kuma yarjejeniyar da aka yi babu su ba za ta kai kaka ba.

Inda kuma dole sai an dasa, don akwai wuraren da yashi ya cinye har kututturen, to a dasa da tsoron fari. A dasa a farkon Yuli, ba ranar da babban baƙo ya samu sarari ba. A haƙa rami irin rabin wata da zai tare ruwa. A ba da tazara, a cakuɗa iri, wuraren renon tsiro su koma tara irin aduwa da tsamiya da dakwara da kurna, ko da sun fi turare jinkiri. Ɗan kwangila kuma kada a biya shi duka ranar dashe. A riƙe kaso mafi tsoka sai bayan bazara ta uku, a zo a ƙirga masu rai a gaban mutanen gari, a biya shi a kan su. Ranar da aka fara haka, shi da kansa zai nemi irin da ba ya mutuwa, shi zai nemi yarinya irin ɗalibata ya ɗauke ta aiki.

A wajen bikin dashe ana yawan jawo hadisin da ke cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare shi, face ya zama sadaka a gare shi. Ina so mu lura da lafazin: su ci daga gare shi. Tsiron da ya bushe a watan Maris babu tsuntsun da ya ci komai a jikinsa.

Bana da lokacin sassabe ya zo, na hana yaran gidanmu saka wuta a gonata ta bakin burtali. Muka bi kututture ɗaya bayan ɗaya da wuƙa, muna barin toho biyu ko uku, muna ɗaura musu tsumma ja don masu huɗa su gani. Yawancinsu sabara ne da kalgo, sai gawo guda huɗu. Maƙwabcina ya tsaya ya ce, "Malam, tsuntsaye za ka tara mana." Na ce mu ga kaka tukuna. Da yamma Baffa ya zo da sandarsa yana duba aikin, yana kiran sunan kowane ɗaya. A kusurwar gabas ya tsaya a kan wani da na ɗauka bagaruwa ce. Ya durƙusa da ƙyar, ya murza ganyen a yatsunsa, ya kankare ɓawon tsohon kututturen da farce, ya ga jan katakon da ke ciki.

"Kai, wannan ai kirya ce," ya ce. "Na ɗauka ta ƙare a ƙasar nan."

Washegari da sassafe, kafin in fito, ya riga ya tura jikokinsa sun jawo ƙayar magarya sun kewaye ta.